Saƙon da Ban Isar Ba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ciwon gwiwar nan? A gaida min Inna. Ni lafiya lau nake, ɗinki ma sai godiya.

Baba, akwai maganar da na kasa faɗa maka ido da ido ranar da na zo gida. Na san Kawu ne zai karanta maka wannan takarda, don Allah kada ya tsallake komai.

Ka tuna babbar wayar da Yaya ya saya maka, ya sa ka cikin zauren manoma inda malamin gona yake turo saƙon murya? Ka fara sabawa da ita, har kana ɗaukar hoton ganye ka tura a gaya maka cutar da ke jikinsa. Sai na lallaɓe ka na karɓe ta, na ce aron wata guda, zan riƙa nuna wa masu saye ɗinkina. Na bar maka ƙaramar wayata, wadda ko hoto ba ta buɗewa. Ka yi dariya ka ce dama yatsunka sun yi mata kauri.

Baba, saƙon gargaɗi kan tsutsar nan mai cin masara ya shigo wayar. Ina kan keken ɗinki na saurare shi. Malamin ya ce kowa ya buɗe zuciyar masararsa ya duba, a yi feshi kafin kwana uku. Na ce bari in ƙarasa hannun rigar nan in kira ka. Wata mata ta shigo gwaji, muka ɓata lokaci wajen gyaran wuya. Ban sake tunawa ba sai bayan kwana tara.

Da na zo, na tarar da gonar ganye duk huda-huda, ta maƙwabcinka kuwa koriya shar. Kai kuma ka dafa ni ka ce, "Idona ne ya tsufa, Auta, ban gani da wuri ba." Na yi shiru na bar ka da laifin. Shirun nan ya fi mantuwar ci mini rai.

Ba idonka ba ne, Baba. Ni ce.

Ga wayar nan na ba direban motar garinmu tare da takardar, na goge hotunana duka. Ranar girbi zan rufe shago in zo, ko buhu biyu ne ya rage mu tattara tare. In za ka yi faɗa, ka yi shi a gabana, na fi son haka.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Auta