Mita Ashirin, Ranar Lahadi

Al Karama, Dubai
10 ga Nuwamba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Baba, ina fata wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya ƙarfin jiki? Yaya ƙanwata Ummulkhair take fama da ɗawainiya? Allah Ya ƙara afuwa. Ni lafiyata ƙalau, aikin gyaran lif, na'urar hawa bene, yana tafiya.

Ba gajiya ce ta sa na daina kiranka ta bidiyo ba. Na ga yadda kake kawar da kai idan bakinka ya motsa magana ta ƙi fita, ni kuma in yi ta surutu don in rufe shirun. Shi ya sa na koma takarda, tunda idonka garau yake. Alhaji Ɗantani, ɗan kasuwar nan na Deira, ya ce zai riƙa biyowa da ita ta Zariya.

Ina da labarin da zai ba ka dariya. Na ci jarrabawa, an ba ni lasisin rediyo irin naka, na masu magana da juna daga nesa. Ni ɗin nan da ka sha zaunarwa gaban akwatinka kana koya mini ƙwanƙwasa saƙon Mos, wanda ake aika haruffa da gajeren sauti da dogo, ina sulalewa in tafi ƙwallo. Wata bakwai na yi ina koyo a cikin jirgin ƙasa na metro, da abin ji a kunne.

A ɗakinmu ba wurin kafa eriya, mu huɗu ne, tagar kuma bangon wani bene take kallo. Sai na nemi izini a gandun shaƙatawa na Mushrif, can bayan gari. Ina zuwa da ƙaramin akwati da batir da doguwar sandar kamun kifi, in ɗaga wayar eriya a jikinta.

Ga roƙona. Ciwon ya taɓa harshenka da hannun dama, amma hagu yana nan. Ka sa Ummulkhair ta kakkaɓe akwatinka, ta ajiye maka maɓallin ƙwanƙwasa saƙo a hagu. Duk Lahadi zan kira lambarka a kan zangon rediyo na mita ashirin, ƙarfe huɗu da rabi namu, ɗaya da rabi naku.

Ɗanka,
Mu'awiya

Al Karama
15 ga Disamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida ƙanwata da duk mutanen gida. Ina fata an samu ci gaba wajen mai gashin ƙashi.

Lahadi huɗu ke nan ina zuwa. Ina shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya da suke kira gaf, mai kama da bagaruwarmu, in kira ka har rana ta yi ja. Wani mutumin Italiya ya amsa mini, da wani daga Kazakistan. Kowa ya faɗi sunansa da ƙarfin sigina, ya yi sallama, khalas, shi ke nan. Minti biyu. A sati guda, wani lokaci su ne kaɗai suke kiran sunana, don a wurin aiki lambar motar aiki ake kirana da ita.

Wurin cike yake da iyalai yanzu da zafi ya sauka. Ana gasa nama, tsofaffi na kan kujeru ana zuba musu shayi. Wani dattijo Balarabe ya tsaya a kaina, ya tambaye ni wa nake nema haka. Na ce mahaifina. Ya ce to me ya hana ni buga masa waya? Sai na yi murmushi kawai. Jirage kuma a kanmu suke wucewa, kowanne ya zo sai ya cika mini kunne, in bi shi da kallo.

Ummulkhair ta gaya mini gaskiya, kada ka yi mata faɗa. Ta ce sati na farko ba wuta. Na biyu ka gwada, hannun ya ƙi bin abin da kake so, ka ture maɓallin ya faɗi ƙasa, ka wuni ba ka ci abinci ba. Baba, ka yafe mini idan na ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka. Na san mutumin da ya yi shekara talatin saƙonsa na fita tsaf ba zai so a ji yana tuntuɓe ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da ka faɗi, da na matsa wa shugabana da ya ba ni hutu. Tsoron rasa aikin ne ya hana ni, na ce maka ba a ba ni ba. Ban ma tambaya ba. Wata goma sha uku ke nan abin yana cina.

Ba sai ka amsa ba. Ni dai zan ci gaba da zuwa. Idan ka ga dama, a kunna akwatin kawai ka saurara.

Ɗanka mai neman gafararka,
Mu'awiya

Al Karama
13 ga Janairu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Ummulkhair, Allah Ya saka mata. Alhaji Ɗantani zai tashi gobe, shi ya sa nake sauri, ka yi haƙuri da rubutun.

Na ji ka.

Jiya iska ta yi ƙarfi, sau biyu sandar tana faɗuwa, sai da na ɗaure ta da igiyar takalmina. Tun uku na isa, na ɓata lokaci wajen gyara. Na kira sau tara, ba komai sai shuuu. Har na kai hannu zan kashe, sai na ji wani ɗan sauti can ƙasa, siriri, yana tafiya yana tsayawa. Na danne abin ji da hannu biyu. Harafin farko na lambarka ya fito, aka yi shiru mai tsawo, na biyu ya biyo. Ka yi kuskure a na huɗu, ka koma ka sake tun daga farko. Ban san ina kuka ba sai da na ga takardar da nake rubutu ta jiƙe.

Na zaci za ka yi maganar wasiƙata. Na shirya wa faɗa, na shirya wa yafiya. Na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, kusan minti uku, ga abin da na samu a takarda: KA YI LAASAR.

Wato tambayata kake ko na yi sallar La'asar, har lissafin lokacinmu ka yi. Na kama maɓalli zan amsa, sai wata tasha mai ƙarfi ta hau kanmu. Kafin ta sauka ka ɓace. Na kira har kusan biyar da kwata, ban sake jin ka ba.

Na miƙe ina waige-waige, ina neman wanda zan gaya wa. Kowa na harkar iyalinsa. Na naɗe waya, na yi alwala a famfon masu ban ruwa, na tayar da salla a kan ciyawa ni kaɗai.

To ga amsarka, Baba, tunda iska ta hana ni. Lokacin da ka tambaya ban yi ba. Na makara, amma na yi, kuma na daɗe a sujada.

Ka huta da hannun sosai kafin Lahadi. Wassalam.

Ɗanka,
Mu'awiya