Bana Babana Yana Gani

Zuwa ga Alhaji Shugaban kwamitin bikin 'yancin kai na 'yan ƙasarmu mazauna Jidda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Sunana Hajara, ina soya gyaɗa ina sayarwa a unguwar Karantina. Da hannuna nake wannan rubutu, domin babana, Malam Habu, ya kai ni ajin yaƙi da jahilci tun muna gida, maƙwabta na yi masa dariya.

Na farko, ranka ya daɗe, ka san ko wane ne shi. Kafin Turawa su tafi, yana cikin masu yawo ƙauye-ƙauye suna gaya wa talaka shi ma mutum ne. Ya ƙi cire takalmi ya durƙusa wa hakimin garinmu, aka yi masa bulala a kasuwa, ya yi wata shida a kurkuku. Da ya fito muka bi hanyar Sudan zuwa hajji, muka zauna. Ruwa ya yi ta sayarwa a nan har yanar ido ta hana shi gani.

Na biyu, abin da ya faru bara. Na riƙo hannunsa muka zo bikin. A ƙofa muka tarar an ja igiya. Masu kati, wato 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, suka wuce ciki kan kujeru. Mu na Karantina aka nuna mana tabarmi a waje, kusa da inda ake wanke kwanuka. Ba wanda ya zage mu. Wani saurayi ne kawai ya ce mana yalla, wato mu wuce, ya nuna da hannu.

Baba ya tambaye ni ina aka ajiye mu. Na ce masa sahun gaba ne, bana kowa a tabarma yake, har da manya. Allah Ya yafe mini. Jawabinka ya fito ta lasifika, ka ce yanzu babu bawa babu ɗa, duk ɗaya muke. Tsohon nan ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce ashe bulalar ba ta tafi a banza ba. Shekara guda ke nan yana ba duk wanda ya zo gaishe shi wannan labari, maƙwabta kuma suna rufa mini asiri.

Na uku, bayan babbar salla an cire masa yanar ido ɗaya. Yanzu yana gane fuska, har ya tsokane ni wai na tsufa bai sani ba. Saura mako uku bikin bana, kuma ya ce ba fashi. Tsoro nake ji, Alhaji.

Ba kujera nake roƙa masa ba. In kun ba shi shi kaɗai, ba zai zauna ba, na san halinsa. Roƙona a cire igiyar. In kujeru ba su isa ba, a shimfiɗa tabarmi ga kowa, mu matan Karantina za mu kawo namu, mu share wurin. In kuma ba zai yiwu ba, ka aiko mini da wuri, in zauna in gaya masa gaskiya da bakina kafin ya gani da idonsa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kuma tsufar da kai cikin mutunci a hannun 'ya'yanka.

Wassalam.

Hajara 'yar Malam Habu,
Karantina, Jidda.