Lasisin Kawo Kuku

Litinin, 6 ga Maris, 2023

Sasa Kutub, babban kukun gidan abincinmu, ba zai dawo aiki ba. Likita ya ce gwiwoyinsa sun gama, shekaru da yawa a tsaye gaban tanderu. Tun kafin Kirsimeti ni ke riƙe da kicin, kuma ba a taɓa dawo mana da faranti ba. Na ɗauka maganar wanda zai gaje shi ba ta buƙatar a zauna a kanta. Yau bayan azahar Abba ya kira ni teburin bakin taga, inda yake zama in zai faɗi abu mai nauyi.

"Dilruba, ki nemo mana lasisin nan na kawo ma'aikaci daga waje. Kuku nake so daga can gida Sylhet, na gaske."

Na gaske. To ni na mene ne? A hannun Sasa Kutub na koyi yanka albasa ina 'yar makaranta. Na ce to.

Alhamis, 16 ga Maris

Takardu, takardu. Shaidar banki, shaidar haraji, inshora, yarjejeniyar hayar gini. Dole a sa sunan mutum ɗaya da zai amsa wa ma'aikatar cikin gida komai game da baƙon, kuma tunda Abba da kwamfuta ba sa ga maciji, sunana aka sa. Wato da hannuna zan kawo wanda zai karɓe mini wuri.

Na kira Tanbir a Leeds. Ƙanena ne amma tun da ya zama mai sayar da magani yake mini magana kamar na zo da takardar likita. Ya ce, "Afa," haka muke kiran yaya mace, "ki huta mana. Ke kina son warin tafarnuwa ya bi ki har kabari?" Ina so ɗin.

Asabar, 8 ga Afrilu

Azumi, ga kicin cike. Abba ya riga ya zaɓi mutuminsa, lasisi ko ƙamshinsa ba a ji ba. Monsur sunansa, yana girki a wani babban otal a can. Ya nuna mini hotonsa a waya sau uku. Farar hula mai tsawo, ɗan siriri. Mutum mai girki ya rame haka?

Alhamis, 11 ga Mayu

Jami'ai biyu daga ma'aikatar cikin gida sun zo dubawa, mace da namiji. Mutanen kirki, sun ƙi shan shayi. Sun ga yadda nake rubuta wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba, sun leƙa kicin, sun hau sama sun ga ɗakin da za a sauke sabon kukun. Matar ta ce komai a tsare yake. Sai ta tambaya, "Yanzu wa ke girkin?"

Na buɗe baki ke nan Abba ya riga ni. "'Yata ce ke ɗan riƙewa kafin kuku ya zo."

Ɗan riƙewa. Matar ta kalle ni, na kalli ƙasa. Da na ce mata ba ma buƙatar kowa, da yau magana ta mutu. Ya zo mini har kan harshe. Na haɗiye, kuma ban san ko don Abba ne ko don tsoro ba.

Juma'a, 2 ga Yuni

An ba mu lasisin. Abba ya sa an buga wasiƙar, an saka ta a gilashi, ya rataye kusa da inda ake biyan kuɗi. Ya raba alawa a masallaci. Duk wanda ya ce barka sai ya ce, "Wahala ce, amma na jure." Shi ya jure.

Mahaifiyata, Amma, ta same ni ina wanke tukunya da ƙarfin da ya wuce na wanki. Ta ce, "Tukunyar ba ita ta yi miki ba." Uwa dai.

Lahadi, 20 ga Agusta

Monsur ya iso. Abba ya wanke mota da kansa, abin da bai yi ba ranar da na gama kwaleji, ya tafi filin jirgin Manchester tun da safe. Sabon bargo, sabuwar butar shayi, har da sallaya mai laushi a ɗakin sama.

Da suka shigo Abba ya ce, "Ga ɗana Monsur. Wannan ce Dilruba, ita ke mana takardu." Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Afa, Allah ya saka miki. An ce da hannunki na zo." Na ce ya ajiye jakarsa daga hanya kada wani ya faɗi.

Laraba, 30 ga Agusta

Monsur ya dafa naman sa da shatkora, wani lemo mai ɗaci na can gida. Na ɗanɗana a ɓoye da bayan cokali ina fatan ɗacin lemon ya yi yawa.

Bai yi ba. Kaico.

Asabar, 16 ga Satumba

Malam Higgins da matarsa, waɗanda suke cin girkina tun sanyin bara ba su taɓa tambayar wa ya dafa ba, yau sun ce a fito musu da kuku su gaisa. Abba ya riƙo hannunsa ya zagaya da shi tebur-tebur kamar ango. Ni ina gaba da na'urar karɓar kati, ina murmushi har kumatuna suka yi ciwo.

Monsur ya sauya wa wuƙaƙe wuri. Na mayar. Ya sake sauyawa? A'a. Ya bar su yadda na sa. Wannan ya fi ba ni haushi. Ko faɗa ba a samu a yi da shi.

Talata, 3 ga Oktoba

Duk lokacin da na shiga kicin sai Monsur ya miƙe tsaye, ko da yana cin abinci. Yau na ce, "Wai ni alƙali ce? Zauna ka ci abincinka."

Ya ce, "Afa, mutanenmu na can London sun ce mini in kiyaye mai riƙe da lasisi. In ta rubuta ka bar aiki, kwanakinka a ƙasar ƙidayayyu ne."

Na ce wa ya ce zan rubuta? Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Na fita. Gaskiya suka faɗa masa, ban dai taɓa kallon abin ta nan ba. Ko na taɓa. Ban sani ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Abba ya ba shi tsohuwar rigar sanyinsa ta ulu, wadda ya zo da ita nan Oldham yana saurayi. Tanbir ya taɓa roƙonta aka hana shi. Ni ban roƙa ba, ba za ta yi mini ba, amma dai.

Ɗana kaza, ɗana kaza. Amma ɗan nasa bai samu hutun kwana ɗaya cikakke ba tun watan jiya. Na gyara jadawalin na ba shi Litinin. Doka ce, kuma ni za a tambaya. Ba don shi ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Monsur ya ƙona dal, miyar waken da ko yaro ya iya. Shi. Na ji daɗi na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba. Da na shiga ɗakin ajiya ɗauko shinkafa na same shi zaune kan buhu, waya a hannu, fuska jiƙe. Ya yi zumbur zai tashi, na ce ya zauna.

Matarsa Shefali tana asibiti. Za a yi mata aiki a ciki. 'Yarsu Tuli tana wajen maƙwabta, shekararta shida. Tun farkon mako ya sani, bai gaya wa kowa ba.

Na ce, "Ka gaya wa Abba mana, ba ɗansa ba ne kai?" Da gatse na faɗa. Ya ce ya gaya masa jiya. Abba ya ce ya yi addu'a, Disamba na tafe, an riga an cika littafin masu walima.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Na samu Abba a teburin taga. Na ce Monsur zai tafi gida mako biyu, doka ta yarda, ni zan riƙe kicin. Ya ce, "Bayan duk abin da na kashe?" Na ce wannan tsakaninsa da Allah. Ya daɗe yana juya kofi, ya ce in yi abin da na ga dama tunda na zama gwamnati.

Kada in yi wa kaina ƙarya a nan. Kicin nake so. Da ya tafi, ya zama nawa. In ya ɗauka tausayi ne, shi ya jiyo.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Ya tafi. Kafin ya fita ya tsaya yana nuna mini yadda yake jiƙa shatkora a ruwan zafi kafin ya zuba. Na ce na sani. Ban sani ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Nawa ne. Tun safe nake waƙa, har Amma ta leƙo ta ga ko lafiya. Gida ya cika, ba faranti ɗaya da ya dawo. Bayana kamar zai tsinke, ban damu ba.

Matar Higgins ta ce kuku ya ƙara ƙwarewa. Na ce zan gaya masa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Ya bugo. An yi aikin amma ciwon ya kama ruwa, an mayar da ita ɗakin tiyata. Ba zai iya barinta haka ba. Yana roƙon ƙarin mako biyu. Sai "Afa, Afa" yake, kamar wanda ake shirin rufe wa ƙofa. Na ce zan yi magana da Abba.

Abba ya fusata. Ya ce haka suke, ka kawo su su ga hanya su manta da kai. Ya ce wa ya san ma ko akwai wata rashin lafiya. Jiya ɗana, yau "su". Na tsaya ina kallonsa. Na yi wata uku ina jiran wannan rana, ga ta ta zo, kuma ba ta da daɗin da na zata.

Talata, 28 ga Nuwamba

Abba ya shigo kicin da rana, abin da ba ya yi. Ya ɗauki cokali ya ɗanɗana miyar da ke kan wuta. Ya sake ɗanɗanawa. Ya ce, "Ke kika yi wannan?" Na ce aljanu ne.

Ya jingina da firji. Ya ce wataƙila ya yi gaggawa tun farko. Ya ce mace a kicin ɗin gidan abinci, mutanen masallaci za su yi surutu, amma su yi ta yi. "Ki rubuta musu ya bar aiki. Kicin naki ne, Dilruba. Na gani yanzu."

Tun ina yarinya nake son jin wannan daga bakinsa. Na juya baya ina juya miyar da ba ta buƙatar juyi, don kada ya ga fuskata.

Na ce, "Bai bar aiki ba, Abba. Hutu yake, kuma har yanzu bai wuce abin da doka ta ba shi ba. Ba zan rubuta ƙarya da sunana ba."

"To in ya dawo, ke fa?"

Na ce tukunyar gidan nan ba ɗaya ba ce. In da gaske yake kicin nawa ne, to ni zan faɗi wanda zai tsaya a ciki. Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "Taurin kan kakarki," ya fita. Bai ce a'a ba.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Na kwana ina jin haushin kaina. Zai dawo, Higgins zai kira shi tebur, Abba zai huce ya koma ɗana. Na san Abba. Kuma har yanzu naman sa nasa ya fi nawa, wannan ba zai daina ci mini rai ba.

Na aika masa saƙo: wurinka na nan, ka kula da ita. Na goge "ka kula da ita", na sake rubutawa.

Alhamis, 7 ga Disamba

Na kira don in ji ranar jirginsa, saboda jadawali. Yarinyar ce ta ɗauka. Ta ce babanta ya je sayo magani, mamanta ta ci shinkafa yau har da kifi. Sai ta ce, "Ke ce Fufu Dilruba? Baba ya ce kin iya girki amma kina da faɗa." Fufu. Ni ban zama gwaggon kowa ba. Ta tambaye ni ko gaskiya ne a garinmu rana na faɗuwa tun la'asar, na ce gaskiya ne. Ta ce to ina yara ke wasa? Mun daɗe a waya. Shinkafata ta kusa kamawa.

Lahadi zai sauka.

Da rana, da aiki ya lafa, na buɗe shafin intanet na ma'aikatar cikin gida na karanta ƙa'idar yadda ma'aikaci ke kawo matarsa da 'ya'yansa. Ɗakin sama ya yi musu kaɗan, sai dai a nemi wani a unguwar Glodwick, kusa da makarantar firamare.

Don in sani ne kawai. Ni za a tambaya.