Injinka Ya Ƙi Tashi Ranar da Teku Ta Kwanta

Tanur,
28 ga Yuli.

Zuwa ga yayana, Biran-ikka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan ɗakinka na Salala, ya sassauta maka zafin tanderun burodi da ciwon gwiwar nan da kake ɓoye wa Umma kana faɗa wa kowa. Mu nan lafiya, gwargwadon yadda damina ta bari. Umma tana nan da tarinta, tana shan maganin likita da safe, na mai ganye da yamma, don kada ɗayansu ya ji haushi. Matarka da 'yan matanka lafiya lau. Uppa, mahaifinmu, yana cin abinci sosai, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, sai dai wani lokaci yakan kira ni da sunanka, ni kuma in amsa, tun da ba a saba kirana da murya mai daɗi haka ba. Na san za ka ce me ya hana in jira wayarka ta Juma'ar farkon wata. Wayar tana gefen gadon Uppa, kuma duk abin da ya tsufa a jikinsa, ban da kunne.

Ikka, cakara ta sauka a gaɓarmu ranar Talata takwas ga wata, karo na farko cikin shekara shida. Ka san yadda take: dama da hagu teku na haukanta na damina, amma daidai gabanmu laka ta taso ta kwantar da ruwan, ya yi lumus kamar shayi mai madara a faranti, jatan lande na tsalle a ciki har ana gani daga tudu. Kafin rana ta ɗaga, jirage sun zo daga garuruwa biyar. Autanmu Koyamon ya shigo gida a guje ba ko takalmi. Sati shida ke nan jirginmu na kife a kan yashi, bayan shekara biyu da ba a samu abin kirki ba, kuma mutum huɗun da ke fita da shi sun daɗe suna kallon manyan jiragen attajirin nan Bawa Haji. Babbansu Moidin ya faɗa tun kafin ruwa ya sauka cewa bana ce ta ƙarshe, in ba a samu ba su tafi. Ka kuma sani, wanda ya hau jirgin Bawa Haji ba ya dawowa ƙaramin jirgi. To, cakara ta zo har ƙofar gida. Abin da ya rage kawai a ɗaura injin nan da ka zo da shi a hutunka na farko, shekara goma sha bakwai da suka wuce.

Tun ƙarshen Mayu injin yana ɗakin Uppa a kan sandar da ake rataye shi, an lulluɓe shi da zanen gado, domin nan ne kaɗai rufin ba ya yoyo. Mutum biyu suka ɗauko shi a kafaɗa, aka ɗaura, aka buɗe fetur na tayarwa, aka haɗa tiyon kananzir, Koyamon ya ce bismillah ya ja igiya. Injin ya yi wata ƙara kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana, ya koma ya yi shiru. Ya ja sau ashirin. Moidin ya karɓa ya ja har rigarsa ta yage a hammata. Ni ma na ja sau ɗaya, don kada tarihi ya manta da ni, kuma har yau kafaɗata ba ta yafe mini ba. Jirage suna wucewa ta gefenmu, wani daga ciki ya ɗaga murya ya ce wa Koyamon, "Koya, in ya tashi ka gaishe shi!"

Ranar farko ta tafi a kan abubuwan da kowa ya sani. Aka ce ruwa ya shiga fetur, aka zubar aka sayo sabo. Aka kwance fulogi, aka same shi baƙi yana danƙo, aka goge, aka gasa shi a wuta, daga baya aka sa sabo. Aka jingina shi da jikin injin aka ja igiya, wuta ta ba da tartsatsi shuɗi mai kyau, saboda haka ba nan matsalar take ba. Koyamon ya busa tiyo har idonsa ya yi ja. Ni kuwa na koma gida na tono littafin da ya zo tare da injin, wanda rabinsa Turanci ne rabinsa rubutun Japan, na tsaya a bakin ruwa da laima ina fassara musu. Littafin ya ce a tabbata akwai mai a tanki. Moidin ya ce, "Malam, Allah ya ƙara ilimi, da ba ka zo ba da mun halaka." Koyamon ya ce in karanta wa injin babi na biyu da ƙarfi, wataƙila kunya ta sa ya tashi. Shekara ashirin da uku ina koyar da 'ya'yan masunta, ban taɓa jin karatu ya yi mini nauyin banza kamar ranar ba. Umma ta aiko da ruwan addu'a a kwalba aka yayyafa. Ban hana ba, domin littafina bai fi shi aiki ba.

Ranar Laraba muka kai shi rumfar Sukumaran bakanike, muka tarar da inji kusan talatin a jere, kowane da mai shi tsugune a gefe kamar layin asibiti. Sai la'asar ya iso kanmu. Ya kwance kafireto, ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya sa tsinke ya zaƙulo wani abu rawaya mai yauƙi kamar ƙaro. Ya ce, "Wannan ba dattin kananzir ba ne. Me kuke ba shi, alewa?" Ya shinshina, ya ce yana ƙarnin kifi, muka yi dariya duka, domin a garin da allin makaranta ma ƙarnin kifi yake yi, wannan ba labari ba ne. Ya wanke da fetur, ya busa kowace ƙofa, ya mayar. Aka ja igiya, shiru. Sai ya cire fulogi, ya toshe ramin da babban yatsansa, ya ce a ja. Da aka ja, ya dubi Koyamon ya ce injin ba ya ture yatsa, numfashinsa na zurarewa ta ciki, sai an buɗe shi gaba ɗaya. Washegari da ya buɗe, zobban fistin duka sun manne a cikin wannan ƙaron, biyu suka karye a hannunsa. Irinsu kuwa, na inji mai wannan shekaru, sai an nema a birnin Kalikut.

A nan ne Koyamon ya yi abin da ban so ba. Ya yanke hukunci cewa dattijon nan mai sayar da kananzir a bakin gada ne ya gauraya masa wani abu, ya je ya tsaya a ƙofar shagonsa ya kira shi macuci a gaban mutane. Dattijon ya ce, "Ni na sayar wa ubanka man fitila tun ba a haife ka ba." Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Moidin ya zo gida. Suhara matar Koyamon ta kawo masa shayi da soyayyar ayaba, bai taɓa ba, bai ma zauna ba. Ya ce, "Koya, kwana huɗu muna kallon mutane suna kwasa. Ni zan iya haƙuri, amma ba a dafa shi a gidana." Koyamon ya ce su ba shi zuwa Litinin. Moidin ya ce lakar ba ta yi wa kowa alkawarin Litinin ba. Da safiyar Asabar su huɗun suka hau jirgin Bawa Haji. Ban ga laifinsu ba, kuma na lura Koyamon ma bai zage su ba, abin da ya fi ba ni tsoro.

Ni aka aika Kalikut, tun da an gano a ƙarshe abin da nake da amfani a kai, wato zama a jirgin ƙasa. Shago bakwai na shiga. Sai ranar Litinin wani ya tono mini zobban daga ƙasan akwati. Na iso gida bayan azahar da ƙunshina a aljihu ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Sukumaran ya riga ya wanke kayan cikin injin tas, ya aiko da su gida don rumfarsa ba wuri, an shimfiɗa su a kan tabarma a ɗakin Uppa. Da na ɗaga labule, sai na ga Uppa zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa, fistin a cinyarsa, tsumma a hannunsa, gwangwanin man kifi a gefensa. Irin man nan ne da yake dafawa da kansa yana shafe tsohon jirginmu na katako da shi duk damina, lokacin da muke yara, har katakon ya yi baƙi yana ƙyalli. Yana shafawa a hankali, yana bin kowane lungu.

Ya ɗago ya yi mini murmushi ya ce, "Biran, zo ka ga aikin bakaniken nan naku. Ya wanke abu ya bar shi da ƙishirwa." Na tambaye shi, da muryar da nake tambayar ɗalibi mai kuka, ko ya taɓa sa wa injin man a baya. Ya ce tun ranar da aka shigo da shi ɗakin, duk Juma'a yana kwance fulogi ya zuba masa cokali uku, ya zuba a bakin da yake shaƙar iska, ya ɗan ja igiya don man ya zagaya. Ya ce, "Yaran yanzu ba sa ciyar da kayan aiki. Gishiri ba ya tambaya ko katako ne ko ƙarfe. Shekara arba'in jirgina bai ruɓe ba, ka san dalili?" Na ce na sani, Uppa. Man da ke bushewa a jikin katako ya zama sulke, shi ne ya bushe a cikin injinka ya zama ƙaro. Sati shida yana yi mana hidima a ɓoye, don ya ba mu mamaki.

Na sami Koyamon a bakin ruwa na faɗa masa. Na shirya wa ihu, har na tsaya ta inda zan tare shi in ya nufi gida. Bai yi ihu ba. Ya zauna a kan yashi jiƙaƙƙe, ya daɗe yana kallon jiragen, sannan ya ce, "Shi ya koya mini kwance fulogi." Daga nan ya tashi ya tafi bakin gada ya ba dattijon haƙuri, kuma da aka tambaye shi to wane ne ya yi, ya ce shi ne, ya ajiye injin ba daidai ba. Yanzu duk gaɓar nan ana cewa ɗan Uppa bai iya ajiye inji ba, shi kuma ya bar su suna faɗa. Ranar Talata ya je ya roƙi gurbi a jirgin Bawa Haji, ya ja raga a ƙarƙashin Moidin, mutumin da shekara tara yake karɓar umarni daga bakin Koyamon. Sukumaran ya sake wanke komai, bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba, sai dai ya ce in gaishe da tsoho.

Ranar Laraba iska ta juya, lakar ta watse, teku ta koma haukanta. Ranar Alhamis da hantsi Sukumaran ya gama ɗaurawa, aka sa ƙafar injin a cikin duro a tsakar gida, Koyamon ya ja igiya sau ɗaya. Ikka, ya tashi. Ya tashi da wata murya mai daɗi da ban ji ya yi ba tun yana sabo, hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse. Suhara ta shige kicin. Sai ga Uppa ya fito yana dafa bango, fuskarsa kamar ranar Idi, ya ɗaga murya sama da ƙarar injin ya ce, "Kun ji ko? Ya sha mai!" Koyamon ya ce, "Ya sha, Uppa." Ya bar shi yana aiki minti biyar don tsohon ya ji daɗi, sannan ya mayar da shi kan fetur ya kashe.

Ga inda muke. Muna da inji mai lafiya, da jirgi a kife, babu mutum ko ɗaya da zai tura shi ruwa. Koyamon ya zagaya gidaje ya nemi wasu, kowa ya ce sai ya yi shawara, kai ma ka san ma'anar wannan. Injin yanzu yana gidana tsakanin kabad ɗin littattafai da buhun shinkafa, mun ce wa Uppa ɗakinsa ya fara yoyo. Jiya ya aiko Umma da gwangwanin, ya ce cokali uku, kada in yi rowa.

Ba wani abu nake nema ka aiko ba, wannan ba irin ramin da ake cikewa daga Salala ba ne. Abu ɗaya ne. Ranar Juma'a in ka bugo, shi zai ɗauka, ya kwana goma yana jiran ya ba ka labarin yadda ya ceci injinka. Ka saurare shi har ƙarshe, ka yi masa godiya. In ya miƙa wa Koyamon wayar, kada ka tambaye shi nawa aka kama a cakara.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka rage tsayuwa. Matarka Ayishabi da 'yan mata suna gaisuwa, haka Suhara, haka Nabisa tawa, wadda ta ce in faɗa maka shinkafarmu ta fara warin kananzir. Ka gaishe mini da Saidali abokin ɗakinka da duk mutanen garinmu da ke can. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, tun Uppa yana iya bambanta su.

Ƙaninka,
Kunyali.