Tubalin da Ka Tafi da Shi

Zuwa ga Yaya Dogara,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, gaisuwar ƙane ga wansa. Da a Zonkwa kake ko Kaduna, da na tambayi lafiyarka da gajiyar aiki, na ce ka gaida mutanen gida. To, inda kake an ce babu gajiya, saboda haka zan wuce ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A mujallar ɗalibai wannan wasiƙa za ta fito, don ban san wata hanyar da zan aiko maka ba. 'Yan aji ɗaya za su karanta, su da ba su taɓa ganinka ba. Ka yi haƙuri in na riƙa faɗa maka abin da ka fi ni sani.

Mun kusa fara jarrabawar ƙarshe. Ranar sallama ni ne zan tsaya gaban kwalejin nan duka, da iyaye da baƙi, in rera Waƙar Tubali daga farko har ƙarshe, yadda ake yi tun kafin a haife mu. Ba ni da ita, Yaya. A bakinka ya kamata in karɓa, kai kuma ka tafi da ita kabari.

Kai ka ba ni tarihinta ranar da ka zaɓe ni, muna zaune a bakin tsohon kududdufin bayan ɗakin girki. Ka ce ɗaliban farko magidanta ne, wasu har da 'ya'ya. A ƙafa suka zo daga ƙauyukan Bajju da Atyap da Ham da Kagoro, suka tarar ba komai a nan sai bukkar Baturen mishan da ciyawa. Da safe karatu a rumfa, da rana su shiga ramin nan su kwaɓa laka su yi tubali. Duk ajin da muke zama a yau, ƙafafunsu ne suka taka ƙasarsa.

Baturen ya kafa doka: Turanci a aji, Hausa a majami'a, yaren gida kuwa a ajiye shi a bakin ƙofa. Wanda aka kama yana yarensa sai a rataya masa ƙashin saniya a wuya, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Amma Bature ba ya sauka cikin rami, yana jin takalminsa. A can suka fara waƙar. Kowa ya jefa nasa layin da yaren uwarsa, ƙasa-ƙasa, sannan a ɗaga murya a yi amshi da Hausa, don in ya gifta amshin kaɗai zai ji. Ba su rubuta ba, saboda takarda ana iya tsintar ta a ƙarƙashin tabarma.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk ajin da zai fita sai ya ƙara baiti ɗaya, wanda muke kira tubali. Mutum ɗaya ne ke riƙe da waƙar duka, sauran makaranta amshi kawai suka sani. Shi zai zaɓi magajinsa daga ajin da ke binsa, amma ba zai ba shi ko kalma ba sai ya ajiye alƙalami a takardar ƙarshe. Sa'an nan su sauka bakin ramin su biyu, baki da kunne, har ranar sallama. Wanda ya sauke kuma ba ya sake ɗauka. Ƙashin saniyan ya daɗe da ɓacewa, Baturen ya koma ƙasarsu, ba mai hana mu yarenmu a ɗakin kwana. Mu dai muka riƙe dokar gam, muna ma alfahari da ita.

A ciki akwai shekarar da fara ta cinye gonar makaranta aka koma cin ganye. Akwai shekarar da iska ta kwashe rufin majami'a ana tsakiyar sujada. Akwai shekarar da aka fara ɗaukar 'yan mata, da irin surutun da dattawa suka yi. Akwai ajin da suka bar karatu suka shiga soja lokacin yaƙin basasa, da sunayen waɗanda ba su dawo ba. Ofis ya san wanda ya ci jarrabawa da wanda ya faɗi. Sauran labarin duk a cikin waƙar yake.

Ina tuna ka ranar Juma'a da yamma, a ɗakin cin abinci, wurin yana ta warin wake, kana zaune a kan tebur kana shugabantar ƙungiyar marubuta. Mutum zai karanta waƙarsa yana gumi, kai ka sunkuyar da kai kamar mai addu'a. In ya gama ka ɗago ka ce, "Wannan a kai wa kuku ya hura wuta." Mugun mutum ne kai, Yaya, ka sani. Amma duk wanda ka yi wa haka, kai ne za ka bi shi ɗaki daga baya ku gyara ta tare.

Tawa ta farko a kan jirgin ƙasan Kafanchan ce, da wani Turanci mai nauyi da na kwaso daga ƙamus. Ka ce jirgin da kullum a makare yake zuwa ma ya fi waƙar sauri. Aka yi ta dariya, na so ƙasa ta tsage in shige. Da aka watse ka ce in je in sake ta da yaren da uwata ke yi mini faɗa da shi. Ita ce ta fito a mujalla, muka buga ta da injin nan mai hannu da ya ɓata maka farar riga da tawada, ka yi sati kana zagin injin.

Ban taɓa zaton ni za ka zaɓa ba, ga masu murya a ajinmu. Ka ce, "Muryarka kamar ƙofar kwano, amma kunnenka ba ya zubar da abu." Wannan shi ne yabo mafi girma da na taɓa ji daga bakinka, kuma na yi kwanaki ina tafiya kamar an naɗa ni hakimi.

Sai idonka ya fara yin rawaya a farkon damina. Ka ce gajiyar karatu ce. Da aka ce shawara ce aka kwantar da kai a asibitin gari, nakan bi gefen layin dogo in zo duba ka bayan an tashi aji. Ina ganin yadda wuyanka ke ƙara tsawo, hannunka na ƙara sirancewa a kan bargo. Ranar da na ga ka kasa ɗaga kofin kunu, na daure na ce ka fara ba ni waƙar, ko tubali ɗaya-ɗaya ne. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Ban rubuta takardar ƙarshe ba."

Na je na kawo Malam Ishaya, uban ƙungiyarmu, mutumin da ba ka taɓa yi wa musu ba. Ya zauna a bakin gadonka ya lallashe ka, ya ce waɗanda suka kafa dokar nan da suna tsaye a wurin da su da kansu za su ce a karya ta. Ka juya fuska bango. Abin da ka ce kawai shi ne, "Kuna so ku binne ni da raina ne?" Muka fito muka koma makaranta.

Ina fushi da kai, Yaya, kuma ba zan ɓoye ba don ka mutu. Taurin kanka ya cuce mu. Na gane dai abin da ke ranka. A wurinmu ba a sauke waƙar sai an gama, kai kuma ba ka yarda ka gama ba, kana so ka tashi ka rubuta jarrabawarka ka je ka koyar a firamaren ƙauyenku. Da ni ne a gadon, wataƙila haka zan yi. Amma sanin haka bai rage mini komai ba.

Ba ka ga sallamar bara ba, gara da ba ka gani ba. An tsaya shiru don tunawa da kai, sa'an nan lokacin waƙa ya yi. Ba wanda ya san abin yi. Wani daga baya ya ɗauko amshi, makaranta duka ta kama. Da amshin ya ƙare aka jira baiti, babu. Aka sake amshi, aka sake jira. Iyayen da suka zo daga ƙauye suna ta kallon juna. Ni ina gaba, inda magaji ke tsayawa, bakina a rufe.

Tun daga nan duk hutun da aka ba mu a bayan akori-kura nake yin sa, ina neman waɗanda suka taɓa riƙe waƙar. A Zonkwa na sami ɗaya, yanzu fasto ne mai furfura. Ya karɓe ni da kyau, matarsa ta ba ni tuwon acca. Da ya fara rerawa, kafin ya yi nisa sai ta zame masa ta koma waƙar sujada, shi bai ma lura ba. A Samaru Kataf na sami wani hedimasta. Tubalin ajinsu kaɗai ya tuna, ya rera mini shi har sau uku yana share ido.

Yohanna, wanda ya ba ka waƙar, yana nan akawu a tashar jirgi. Da farko cewa ya yi ya sauke, ba ya sake ɗauka. Ka ji irin halin nan namu? Na yi ta zarya ofishinsa har ya gaji da ganina ya rera mini. Tubalan yarensa da na Hausa suna nan a kansa daram. Na sauran yaruka kuwa, waɗanda ya haddace da kunne ba tare da ya san ma'anarsu ba, sun narke sun zama sauti kawai. Tubalan farko, na mutanen rami, su suka fi lalacewa.

Na kwashi sautin nan na kai wa tsofaffi a kasuwar Kagoro, ko za su gane. Suka yi dariya, wani ya tambaye ni ko yaren tsuntsaye ake koya mana a kwaleji. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta sa na maimaita a hankali. Ta ce ta ji kalma biyu da ta sani, ɗaya laka, ɗaya yunwa. Abin da ya rage daga bakin mutanen da suka gina mana makaranta ke nan.

Makarantar ma ba yadda ka bar ta take ba. Tun da gwamnati ta karɓa daga hannun mishan an shafe allon bakin hanya an rubuta sabon suna. An kawo ɗalibai daga ko'ina a jihar, yaran kirki ne, amma ba wanda ya gaya musu kududdufin bayan ɗakin girki wani abu ne. Ranar Juma'a yawanci filin ƙwallo suke tafiya. Injin bugawa yana cin takarda, an ce za a yi wa Malam Ishaya canjin wurin aiki, kuma ban san wanda zai fitar da mujalla bayanmu ba.

To ga abin da na yi, ka ji daga bakina. Na karya dokar. Ban jira takardar ƙarshe ba, ban zaɓi mutum ɗaya ba. Na tara duk 'yan ƙungiyar da suka rage, maza da mata, na koya musu ɗan abin da na tsinto, na kuma bar su su rubuta. Wasu tsofaffin ɗalibai sun aiko mini da saƙon cewa na tozarta al'ada. Su yi ta faɗa. Ni na tsaya a gaba bara, ba su ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ci mini rai. Tubalin ajinku. Kai aka ɗora wa tsara shi, kuma ba wanda ke jin sabon tubali sai ranar sallama. Abokanka sun ce ka gama shi tun hutu, amma ko mai kwana kusa da gadonka ba ka ba shi layi ɗaya ba.

Watan jiya na je ƙauyenku, gaba da Zangon Kataf. Na sami Mama, mahaifiyarka, a gonar citta. Ta tsufa da yawa a shekara ɗaya, Yaya. Na tambaye ta ko ta taɓa jin kana wata waƙa. Ta ce a hutunka na ƙarshe kana huɗa kana gunaguni daga wannan kunya zuwa waccan, har ta ce ka ɗaga murya ita ma ta ji. Ka ce mata ba a yarda ba, ta bari sai ranar, za ka sa a ba ta kujera a gaba. Kalmomin ba ta kama ba. Karin waƙar dai ya zauna mata.

Ta jingina da fartanya ta rufe baki ta yi mini shi ta hanci. Ta ce kullum take yin sa in tana aiki ita kaɗai. Na tsaya cikin rana na koya a wurinta har na iya.

'Yan ajinku sun roƙe ni in sa masa kalmomi. Na gwada, na yage. Ban san abin da ka so ka faɗa ba, kuma ba zan sa maka magana a baki ba. Ranar sallama zan rera abin da nake da shi, inda ya rushe in tsallake. In na iso shekararku zan rufe baki in yi karin nan yadda Mama ta koya mini. Ta ce za ta zo. Na riga na roƙi a ajiye mata kujera a gaba.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya gafarta maka taurin kanka, ni kuma ya cire mini wannan fushi, don ya yi mini nauyi. Ya ƙarfafa Mama, ya riƙe makarantar nan da waɗanda za su zo bayanmu, cikin sunan Yesu, amin. In mutanen rami suna nan kusa da kai, ka ba su haƙuri, ka ce abin da na iya tsinta ke nan. Ranar da na iso kuma, kada ka tambaye ni labarin kowa tukuna. Ka zaunar da ni ka ba ni waƙata, tun daga farko.

Ni ne magajinka,
Bitrus