Kwanta-Tashi a Filin Kokoro

Litinin, 6 ga Mayu 1996
Yara goma sha ɗaya aka ba ni in koya wa ƙwallo, babbansu shekara bakwai. Ni da na yi shekara tara ina buga wa unguwa ƙwallo, yau ga ni ina share kashin awaki a filin Kokoro. Tir! Na tsara musu motsa jiki kafin wasa: zagaye biyu, tsallen kwaɗo, miƙe ƙafa. Ko zagaye ɗaya ba su gama ba suka koma wasan sojojin bore, kowa da kara a hannu yana ta-ta-ta. Har shinge suka kafa, wai in nuna takarduna. Raina ya ɓaci.

Alhamis, 9 ga Mayu
Yaya Hureira ta kawo ɗanta Ja'afaru. Tun harbe-harben watan jiya, da ya ji ƙara sai ya sandare a tsaye, ko a tsakiyar titi ne. Tsoronta kada harsashi ya same shi a haka. Na busa usur, yaro ya ƙame, fitsari na bin ƙafarsa har cikin takalmi. Ni na wanke. Ni likita ne?

Lahadi, 12 ga Mayu
Wai in koya musu zubewa ƙasa, in ji Yaya. Na ce filin ƙwallo ne, ba bariki ba.

Laraba, 15 ga Mayu
Na sa zubewar a tsarin motsa jiki, don ƙarfin cinya kawai. Da Sango, yaren garin nan, nake kira, don sun fi saurin jin sa a kan Hausa: "Lango!" su kwanta, "Londo!" su tashi. Suna ta birgima cikin ƙazanta suna dariya. Ja'afaru ne na ƙarshe kullum, sai na danna kafaɗarsa. Wallahi abin ƙyama ne, koya wa ɗan shekara shida faɗuwa.

Asabar, 18 ga Mayu
Muna cikin zagaye aka fara harbi ta wajen gari. Ban ko buɗe baki ba, duk sun zube. Na nemi Ja'afaru da ido. Ga shi can rub da ciki, kuncinsa cikin kashin awaki, yana yafuto ni da hannu.

"Kawu, lango!"

Ashe ni kaɗai ne a tsaye, na sandare, usur a baki. Na kwanta kusa da shi.

Rigar har yanzu wari take. Ban wanke ba tukuna.