Sakaci Ko Ganganci

Litinin, 3 ga Maris
Baba Tafinta yana asibiti, hawan jini. Alƙali ya ce ni zan riƙa fassara a kotu har ya warke. Ni da aikina buga takardu da jera fayil! Na ce to. Me zan ce? Shekara shida ina bari kowa yana zaton na iya Turanci fiye da yadda na iya.

Laraba, 5 ga Maris
Na ciro ƙamus ɗin Baba daga durowarsa, bangonsa duk ya zazzage. Kullum kalma goma: ma'anarta, 'yan uwanta, da jimla ɗaya tawa. Maigida ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin na ƙona miya saboda littafi ba sai yau.

Alhamis, 6 ga Maris
Allege ba "ya faɗa" ba ne. Ya yi zargi ne, bai kawo hujja ba tukuna. Ashe.

Talata, 11 ga Maris
Shari'ar wani direba yau. Dattijo ne, motar ɗaukar ma'aikata yake ja, birki ya tsinke masa a gangare ya buge mai keke, ƙafar mutumin ta karye. Ba ya jin Turanci ko kaɗan, bakina kawai yake kallo. Lauyan masu ƙara ya tambaye shi ko ya yarda he was reckless. Na san kalmar sama-sama. Na ce masa, "Baba, wai ka yarda ka yi sakaci?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yata, na yi sakaci, ban duba birkin ba da safen nan." Na mayar da amsarsa Turanci da kalmar lauyan, aka rubuta. Lauyan ya yi wani murmushi da bai kwanta mini ba. Lauyan dattijon, wanda ba ya jin Hausa, ya ajiye biro ya dafe goshi.

Laraba, 12 ga Maris
Na duba. Negligent shi ne sakaci. Reckless ganganci ne, ka ga haɗarin da idonka ka afka. Hukuncinsu ma ba ɗaya ba ne, na biyun har da ɗauri. Na sa dattijon nan ya amsa laifin da bai amsa ba.
Na rufe ƙamus ɗin.

Alhamis, 13 ga Maris
Ban ci komai ba. Babu wanda ya lura a kotun. Idan na yi shiru, shi ke nan.

Asabar, 15 ga Maris
Na je duba Baba Tafinta. Bakinsa ya ɗan karkace, maganar da ƙyar take fita. Na faɗa masa komai, ina jira ya ce ba komai, kowa yana kuskure. Ya kalle ni ya ce, "Yaushe hukunci?" Na ce Alhamis. Ya ce, "To me kike yi a nan?"
Maigida kuma cewa ya yi in yi tunanin aikina. Na ce shi nake tunani.

Litinin, 17 ga Maris
Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin alƙali ina juyowa. Na uku masinja ya buɗe ƙofar kafin in gudu. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure a fassara." Na ajiye ƙamus a gabansa, shafi biyu a naɗe. Ya karanta, ya cire tabarau. "Kin san kalmar lokacin da kika fassara ta?" Na ce a'a. "Me ya hana ki tambaya?" Na ce kunya. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Alhamis, 20 ga Maris
An sake yi wa dattijon tambayar a gaban kowa, bayan alƙali ya bayyana dalili. Idanu duk a kaina. Na ce, "Baba, ka san birkin ya lalace ka hau hanya?" Ya zabura. "Wallahi da na sani ko taya ba zan motsa ba!" An soke tsohuwar amsar. Sakaci aka kama shi da shi, an karɓe lasisinsa wata shida, babu ɗauri.
Ni kuma takardar gargaɗi a fayil ɗina. Ni na buga ta da hannuna.
A bakin ƙofa dattijon ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ban jin ya fahimci ni ce na kusa kai shi kurkuku.

Talata, 25 ga Maris
Rigimar gini yau. Wani lauya ya ce estoppel, na ɗaga hannu na ce ban san ta ba, a yi mini bayani. Wani ya yi dariya a baya. Lauyan ya fara bayani, sai ga shi yana in-ina, har alƙali ya taya shi.
Sau uku na tsayar da su. Ba wai na daina jin kunya ba. Sai da na dawo gida na lura ko gumi ban yi ba.